Fatar Bangon Ɗakin Baba

A gidanmu babu wanda ya san aikin da nake yi, kuma na gaji da bayani. Baba yana kirana Mai Fenti. Goggo, yayarsa, tana gaya wa mutane wai gadin kwamfuta nake yi. Gaskiyar maganar, kamfaninmu yana gina duniyoyi ne a cikin kwamfuta, irin waɗanda mutum zai ɗaura wani ƙaton tabarau a fuska ya gan shi a ciki, ya waiga dama ya waiga hagu. Wasu ne ke tsayar da gine-ginen, su miƙo mini su tsirara, farare fat kamar sabulu, ni kuma in sa musu fata. Haka muke kiranta a ofis: fatar bango, fatar ƙasa, fatar kujera. Ba na riƙe buroshi. Rubutu nake yi, layi bayan layi: launi kaza, kaushi kaza, sheƙi kaɗan. Injin ya karanta umarnin, ya saƙa fatar. Ba ya cin hoto, ba ya jin magiya, kuma abin da ka rubuta shi zai ba ka ko da hauka ne.

Gidan Baba kuwa ya fara sunkuyawa tun lokacin da aka haƙa babbar magudanar ruwa a bayan layinmu. Bangon baya ya tsage, har kyanwar maƙwabta ta daina wahalar hawa katanga. In ka ajiye lemo a kan tebur, da kansa zai gangara ya nufi ƙofa. Injiniyan da muka kira ya leƙa sau ɗaya ya ce a fito masa da kujera waje. Ya ce ruwan sama mai ƙarfi guda ya ishi gidan. Maƙwabtan dama da na hagu duk suka kwashe. Yaya, babban wanmu, ya gyara wa Baba ɗaki a gidansa, da labule da fanka da komai. Baba ya yi kunnen uwar shegu da mu. Tsohon direban bas ne, ya saba mutane na ihu a bayansa shi yana kallon gaba.

Tun da Inna ta rasu shi kaɗai yake cikin gidan, a ɗaki ɗaya ma, falon gaba. Ranar da muka taru muka sa shi a tsakiya da roƙo, ya gaji da mu ya ce, "In kun iya ɗaukar ɗakin nan ku kai gidan yayanku, ni ma sai in bi shi."

Gatse ya yi mana. Amma Yaya ba ya jin gatse, ko ka ce masa ya sha teku sai ya tambaya da wane kofi. Ya juyo ya dube ni, sauran ma suka juyo.

"Ba ke ce mai gina gidaje a kwamfuta ba?"

"Fata nake sawa, Yaya."

"To ki sa."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce ya yarda. In ya sa tabaraun ya ga ɗakinsa ne, zai zauna a gidan Yaya. In bai gani ba, kowa ya kama gabansa, kada a sake tayar masa da maganar. Baba ba ya magana biyu, wannan kowa ya sani, shi ya sa gabana ya faɗi. Damina ta kusa, kuma ga shi an ɗora rayuwar ubana a kan rubutuna.

Wani abokin aikina ya tsayar mini da ɗakin tsirara, da taga da ƙofa da benci. Niyyata in je in zauna ni kaɗai in kalli bangon Baba in rubuta abin da na gani. Yaya ya ce a'a, wannan maganar dangi ce, sai an zauna. Muka zauna a falonsa: Goggo, shi, yayata da muke kira Anti Tsafta, sai ni da kwamfuta a cinya. Anti Tsafta ta samo sunanta ne domin tana goge hannun ƙofa kafin ta taɓa shi, ta kuma goge bayan ta taɓa.

Goggo ce babba, ita ta fara. "Rubuta shuɗi."

"Goggo, bangon kore ne."

"Shuɗi ne kafin uwarku ta zo ta ɓata shi. Allah ya jiƙanta, ba ta da ido a kan launi. Rubuta."

Na rubuta. Yaya ya gyara zama ya ce a sa sheƙi irin na otal, domin wata rana abokansa za su iya cewa a ara musu tabaraun. Na rubuta. Anti Tsafta ta ce fari, babu tsaga, babu tabo, kada duniya ta ce mun bar ubanmu cikin ƙazanta.

"Wace duniya, Anti? Baba kaɗai zai gani."

"Injin fa? Shi ba shi da ido?"

Ni ce ƙarama, ba ni da hurumin goge maganar na gaba da ni, sai na jera su bisa shekaru. To, injin yana da wata doka da duk mai irin aikina ya sani: in layi biyu suka saɓa, na ƙarshe ne ke ci. Saboda haka bango ya fito fari tas. Goggo ta ɗaura tabarau a kan nata tabaraun, ta waiga ta waiga.

"Ina shuɗina?"

Na yi mata bayani.

"Wato a wajen abin nan, ƙarami ne ke da maganar ƙarshe?"

"Haka yake, Goggo."

"Wa ya rene shi?"

Ta ce a mayar da ita ƙarshe. Na mayar. Ta leƙo allon ta ga layinta a ƙasan na Anti Tsafta, ta dafe ƙirji. Ita ce za ta biyo bayan yarinyar da ta goya? Ta ce a sa ta a farko saboda girma, a kuma sa ta a ƙarshe saboda iko. Yaya ya ce in haka ne shi ma namiji ne babba, a sake sa shi bayan Goggo, ba don raini ba. Anti Tsafta kuwa ta tsaya a kaina da tsumma a hannu har sai da na sake rubuta fari. Goggo ta ce, "Shuɗi." Haka muka yi ta yi, shuɗi, sheƙi, fari, shuɗi, sheƙi, fari, har shayi ya huce aka sake dafa wani. Daga ƙarshe kaina ya ɗau zafi, na rubuta wa injin cewa a yi karɓa-karɓa, kowane launi ya hau bango ya ɗan yi mulki ya sauka. Kowa ya ce wannan adalci ne.

Aka ɗauko Baba, aka tsayar da shi tsakiyar sabon ɗakinsa, na ɗaura masa tabarau. Bango ya yi shuɗi, ya yi walƙiya, ya yi fari, ya koma shuɗi.

"Motar asibiti ce wannan?" in ji Baba. "Wa za a ɗauka?"

Ya cire tabaraun ya miƙo mini da yatsa biyu, ya fita ya tari bas da kansa.

A zama na biyu na ajiye kunya. Na ce ko dai a faɗi gaskiyar bangon nan, ko in rufe kwamfuta kowa ya je ya tallafe gidan da kafaɗa. Abin mamaki, da aka ce a faɗi ɓarna, bakin kowa ya buɗe, muddin ɓarnar wani ce. Anti Tsafta ta tuna tambarin ƙwallon Yaya kusa da ƙofa. Yaya ya tuna ƙunar dutsen guga da Anti Tsafta ta jingina da bango ta tafi hira. Su biyun suka haɗa baki suka tuna ƙusar da Goggo ta kafa don rataye jakarta, lokacin da ta ce ta zo kwana biyu ta shekara.

"Ƙusa ce mai kyau," in ji Goggo. "Har yau tana nan."

A nan sai na ƙara wani bayani. Injin ba ya saƙa bango gaba ɗaya. Ɗan fili yake saƙawa, kamar girman matashin kai, sannan ya yi ta maimaita shi kamar tayil har ya rufe bangon. In kana son abu ya fito guda, dole ka rubuta masa sau ɗaya, ka kuma faɗa masa inda zai sa. Na rubuta sau ɗaya a kan ƙwallo, na rubuta sau ɗaya a kan ƙuna. Da na zo kan ƙusa, Goggo ta riƙe mini hannu.

"Ƙunar waccan sau ɗaya, ƙusata ma sau ɗaya? Mun zama sa'o'i ke nan?"

"Goggo, ƙusar guda ce."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Bar ta ta yawaita."

Na bar ta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni na ce a faɗi gaskiya. Baba ya zo karo na biyu, ya sa tabarau, ya tsinci kansa a cikin ɗaki mai ƙusoshi daga sama har ƙasa, kamar an juya bushiya ciki ya koma waje. Ya tsaya cak, ya matse hannuwansa a jiki don kada su soke shi.

"Ni ba jaka ba ne da za a rataye," ya ce. Da ya cire tabaraun bai yi dariya ba. "Kun kwaso duk ɓarnar da kuka yi mini. Ɗakin dai bai zo ba."

Bayan haka hadari ya fara haɗuwa kullum da rana yana watsewa. Ban ƙara jin daɗin abinci ba. In iska ta kaɗa labulen ofis sai in duba wayata. Tsoro nake ji, ba wani abu ba, tsoron a kira ni a waya a ce in zo. Ranar da gabas ta yi baƙi ƙirin tun da hantsi, ban gaya wa kowa ba, na ɗauki kwamfuta na tafi gidan Baba ni kaɗai.

Na same shi yana tsamo ɓarɓashin rufi daga kofin shayinsa da cokali, hankali kwance, kamar mai cire ƙuda. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar tebur don kada in gangara. Ban roƙe shi komai ba. Kallo kawai na yi, irin kallon da ake biyana in yi a ofis, wanda ban taɓa yi wa gidanmu ba. Ga kujera mai laushi da Yaya ya saya masa, an ɗora mata rediyo da tsofaffin jaridu. Shi yana kan tsohon bencin nan na ƙarƙashin taga, can a gefe guda, ya bar rabin bencin babu kowa. A saman wajen da babu kowan, daidai tsayin kan mutum a zaune, akwai wani tabo mai duhu, kamar faɗin tafin hannu. Duk mun san shi. Datti muke ce masa, shi ya sa ko a zaman faɗin gaskiya babu wanda ya kawo shi, tunda ba ɓarnar kowa ba ce.

"Baba, wannan tabon fa?"

Bai waiga ba. "Kan uwarku ne."

Ya ce nan take zama kullum da yamma in ta dawo daga aiki, ta cire takalmi ta jingina, yana ba ta labarin fasinjoji tana gyangyaɗi. Man gashinta ne ya yi ta shiga bangon, shekara bayan shekara.

"Yayarki ta taɓa zuwa da soso da sabulu. Na ce in ta matso zan kira mata 'yan sanda." Ya shafa kansa. "Ni ma nan gefe nake jingina tun a lokacin. Amma kin ga mai sanƙo, ban bar komai ba."

Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, har na kasa haɗa ido da shi. Na buɗe kwamfuta a nan ƙasa na shiga rubutu. Ruwan ƙasa mai duhu. Tsakiya ta fi gefe duhu. Gefen ya narke a hankali cikin koren, kada a ga iyaka. Sheƙi kaɗan, na mai, ba na ruwa ba. Sai na lura tabon ba a miƙe yake ba, ya ɗan karkata hagu, wajen da Baba ke zama. Na rubuta wannan ma.

Ina cikin rubutun aka yi tsawa, wani ɓangaren rufi ya faɗo ya daki rediyo, rediyon ya kama magana da kansa. Na kira Yaya na ce ya zo da mota yanzu-yanzu. Baba ya ce gwajin ƙarshe ke nan, kuma ya shiga motar ne don kada a ce ya ƙi ba ni dama. A kujerar baya, mota na tsalle cikin ramuka, na goge shuɗi, na goge sheƙi, na goge fari, na goge ƙwallo da ƙuna da ƙusa. Na rubuta kore, na sa tabon Inna a layin ƙarshe. Kafin mu isa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Goggo da Anti Tsafta na jiranmu a ɗakin. Na ɗaura wa Baba tabarau, na koma gefe na buɗe allo, domin duk abin da yake gani ni ma ina gani a nan. Da hoton ya fito na gane kuskurena. Garin sauri ban rubuta sau ɗaya ba, ban kuma faɗa wa injin inda zai sa ba. Shi kuwa da bai ga an ce masa ga wuri ba, sai ya ɗauka ko'ina ake nufi.

Tabon Inna ya cika bango huɗu, sahu-sahu. Yana ƙasa, yana rufi. Yana jikin ƙofa, yana kan fukafukan fanka yana zagayawa. Akwai ƙanana a jikin kofin shayi. Ta taga, sararin sama ma ya cika da shi har iya ganin ido, kowanne ya ɗan karkata hagu.

Anti Tsafta ta leƙo ta ƙwalla ƙara, tsumman hannunta ya faɗi. Goggo ta kama haɓa ta ce, "Matar nan ko ba ta da rai sai ta mamaye gidan." Wayata ta hau ruri. Manajanmu ne, yana tambaya cikin muryar wanda ke ƙoƙarin kada ya yi kuka, me ya sa kowace mota a wajen baje kolin motocin da muka gina wa wani kamfani take da tabon mai a goshi. Ashe a rumbun ajiyar kamfani, wanda kowane aiki ke ɗiba daga ciki, na ajiye rubutun. Na kashe wayar. Kalma biyu ce gyaran, na kai yatsuna kan madannai.

"Mai Fenti," in ji Baba. Ƙarar madannan ya ji. "Cire hannunki."

Na cire.

Ya juya a hankali, ya dubi wannan bango, ya dubi wancan. Ya sunkuya ya dubi ƙasa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya rasa inda zai sauke ta. Sannan ya ɗaga kai sama, sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji ya yi ba tun Inna na da rai.

"Har rufi ta jingina! Kai, matar nan!"

Dariyar ta yi ta raguwa har ta ƙare. Ruwa na ta dukan kwano.

"A can sai na je wuri guda nake samunta," ya ce.

Ya taka zuwa inda yake ganin benci, ya juya zai zauna. Babu benci a wajen, iska ce. Yaya ya yi wuf ya tura masa kujerar roba, ta shiga ƙarƙashinsa daidai lokacin da ya sauka. Baba ya matsa gefe guda, ya bar wuri a damansa. Sai na ga ya fara sakin wuya yana kai kansa baya zai jingina. Ɗakin Yaya ya fi na Baba girma nesa ba kusa ba. Bangon da Baba ke gani a bayansa babu shi, bangon gaskiya yana can da nisa, tsakani sai siminti tsirara.

Ban san lokacin da na jefar da kwamfutar a kan katifa ba. Na durƙusa a bayansa na tara kafaɗa, kansa ya sauka a kai. Yana da nauyi, yana da ɗumi. Babu wanda ya motsa a ɗakin, har Goggo.

Can Baba ya ce, "Bangon nan yana haki."

"Sabo ne, Baba."

"To." Ya ƙara sakin nauyinsa. "Ki ce masa ya tsaya haka."

Na tsaya. Gwiwata na ciwo, kafaɗata ta fara mutuwa, ban damu ba. Daɗi ne ya cika ni da tausayi, suka haɗu suka fi ƙarfina. Na yi ta danne kukan don kada bangon ya girgiza, amma hawaye ba su da ladabi, ɗaya ya gangaro ya ɗiga a tsakiyar kan Baba, wani ya biyo shi. Ya ɗaga hannu ya shafa wajen, ya murza yatsunsa.

"Ashe har da yoyon kuka ɗauko," ya ce. Sannan ya kira Yaya: "Babba, in ruwa ya ɗauke ka je ka kwaso mini kayana."